Soson Teku: Dabbar da Ido Ya Kasa Tantancewa

Soson da aka saba gani a Babbar Kasuwar Katsina iri uku ne. Akwai na gargajiya, ɗan wata yaɗuwa da ke hawa danga, wadda masana ke kira Luffa, 'yar'uwar kabewa da duma. Akwai na raga, akwai kuma na katifa da ake wanke kwanuka da shi. Wani na huɗu ba kasafai yake isowa nan ba, ko da yake shi aka kwaikwaya aka yi na katifar. Daga ƙarƙashin teku ake ciro shi, musamman Bahar Rum, wajen gaɓar Tunisiya da Libiya da tsibirin Kalimnos na Girka. Wannan dabba ce, kuma abin da ake cuɗa jiki da shi ƙwarangwal ɗinta ne bayan an wanke naman.

Duk wanda ya yi tantama bai yi laifi ba. Soso ba shi da baki, ba hanji, ba jijiyoyi, ba ƙwaƙwalwa, kuma inda ya manne nan zai ƙare rayuwarsa. Carl Linnaeus, Baswidanen da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, cikin tsirrai ya lissafa shi a 1759. Sai wajen 1825 wani likita a Sikotlan, Robert Grant, ya nuna dalla-dalla yadda ruwa ke shiga jikin soso ta ƙananan kafofi ya fita ta wata babba, shi kuwa yana tace abincinsa daga ciki. Grant ɗin ne ya ba wa dangin sunan Porifera a 1836.

Wahalar ta gaske tana wajen rarrabe su, don an riga an bayyana kimanin nau'i 9,000. Launi ba ya taimakawa sosai, siffa ma haka: nau'i ɗaya yakan yi rassa inda ruwa yake kwance, ya baje a kan dutse inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Saboda haka masana suka koma ga abin da ke ɓoye. Ana yankar ɗan guntu a jiƙa a ruwan bilic, naman ya narke, sai wasu 'yan ƙayoyi su kwanta a ƙasa. Su ake dubawa a madubin ƙara girma, a ga me aka yi su da shi da kuma yawan tsininsu.

Da wannan aka kasa su aji-aji. Calcarea ƙayoyinsu na sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai ne. Hexactinellida nasu na sinadarin yashi ne, wanda ake yin gilashi da shi, masu tsini 6, kuma sun fi zama a zurfin teku. Demospongiae su ne gayya, don fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in a nan suke. Soson wanka, Spongia officinalis, na cikinsu, sai dai shi ba ƙaya a jikinsa, zaruruwa ne masu laushi, shi ya sa fata ke jure shi.

Ɗalibin da ke haddace waɗannan uku daga tsohon littafi, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a sakandare, ya kamata ya san an wuce nan. Da aka fara gwada DNA, sai wasu da ƙaya ta haɗa suka zama ba dangin juna ba. A 2012 aka ciro Homoscleromorpha daga cikin Demospongiae suka zama aji na huɗu. A 2015 Christine Morrow da Paco Cárdenas suka sake fasalin Demospongiae, suka rushe wasu tsofaffin rukunoni. Hatta maganar cewa duk soso tace ruwa yake yi ta karye a 1995, lokacin da aka bayyana wani a kogon teku kusa da Marsey ta Faransa da ke kama ƙananan halittu yana ci. A ganina koyar da yadda jerin ke sauyawa ya fi haddace jerin amfani.

Abin ba na sunaye kaɗai ba ne. Maganin cytarabine na sankarar jini, da aka amince da shi a 1969, ya samo asali daga binciken sinadaran wani soson tekun Karebiyan. Eribulin na sankarar mama, na 2010, an kwaikwayo shi daga sinadarin Halichondria okadai na gaɓar Japan. Mai binciken da ya kuskure nau'i zai yi ta nema a inda babu.

Akwai wani gwaji da ba ya tsufa. A 1907 Ba'amurke Henry Wilson ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki, kamar mai tace koko, ƙwayoyin jikinsa suka watse a ruwa. Da aka bar su sai suka nemi juna, suka sake haɗuwa suka zama ƙananan soso masu rai.

Katsina na da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku, amma hakan bai raba mu da wannan dabba ba. Kimanin nau'i 250 a ruwan daɗi suke, dukkansu Demospongiae, suna manne da duwatsu da itatuwan da ruwa ya shanye, kuma da yawa na jure rani ta hanyar barin wasu 'yan ƙwallaye da ke farfaɗowa idan ruwa ya dawo. A Mali, masu tonon tarihi sun sami ƙayoyinsu cikin yumɓun tsofaffin tukwane na yankin Jenne, a kwarin kogin Kwara. Malamin da ke son ɗalibansa su nemi Porifera da hannunsu yana iya fita da su madatsar Ajiwa ko Zobe da bazara, lokacin da ruwa ya janye, su riƙa juya duwatsun bakin ruwa. Kayan aikin ba su wuce wuƙa, kwalba, ruwan bilic da madubin ɗakin gwaji ba.