Yadda salon rayuwar mazauna birane ke shafar ɗumamar yanayi

Fiye da rabin al'ummar duniya a birane suke zaune, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga biranen ne ake fitar da kimanin kashi 70 cikin 100 na iskar kabon, wadda ke kan gaba wajen haddasa ɗumamar yanayi.

To sai dai kason da kowane mazaunin birni ke fitarwa ya bambanta matuƙa. Masana na auna shi ne ta hanyar haɗa hayaƙin da ke fita sakamakon wutar lantarkin gidan mutum, da abin hawansa, da abincinsa, da kuma kayan da yake saye.

A kan wannan ma'auni, wanda ke zaune a babban gida mai na'urar sanyaya ɗaki, yake tuƙa motarsa shi kaɗai zuwa ofis, kuma yake yawan cin naman shanu, ya zarce maƙwabcinsa mai shiga bas nesa ba kusa ba.

Tafiya a jirgin sama ma tana da nauyi. Zuwa da dawowa sau ɗaya tsakanin Landan da New York kan fitar da kusan tan ɗaya na iskar a kan kowane fasinja, abin da ya fi matsakaicin abin da ɗan Najeriya ke fitarwa a shekara guda.

Niyya ko arziki?

Ana iya zaton cewa masu kishin muhalli ne suka fi kowa rage hayaƙi. Amma wani bincike da hukumar kula da muhalli ta Jamus ta wallafa a shekarar 2016 ya nuna cewa kuɗin shigar mutum ya fi ra'ayinsa tasiri.

Dalili kuwa shi ne, galibin masu wannan kishi masu ilimi ne da hannu da shuni. Sukan rarrabe shara, su sayi fitilu masu tsimin wuta, amma gidajensu manya ne, kuma sun fi yawan tafiye-tafiye.

Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta ce a shekarar 2019, kashi 1 cikin 100 na mafiya arziki a duniya sun fitar da hayaƙin da ya kai na kashi biyu bisa uku na mafiya talauci.

Rawar hukumomi

Tsarin birni shi ma yana iyakance zaɓin mutum, domin wanda ba shi da motar haya abin dogaro ko tsayayyiyar wutar lantarki, dole ya koma ga motarsa da janareta.

A shekarar 2003 ne birnin Landan ya fara karɓar haraji daga motocin da ke shiga tsakiyarsa, yayin da Legas ta ƙaddamar da manyan motocin bas masu hanyarsu ta musamman a 2008.

Masana dai na cewa faɗakarwa kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an sauƙaƙa wa jama'a hanyar aiki da ita.