Saƙar Mata da Batun Fafutukar 'Yanci: Nazari Daga Jakusko, Gashuwa da Nguru

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba ko ya dace a kira saƙar da matan arewacin Jihar Yobe ke yi da sunan fafutukar 'yancin mata, kamar yadda ake kiran takwararta a Turai da Amurka. Tambayar ta shafi masana harshe kai tsaye, domin sunan da aka laƙaba wa aiki a rubuce shi ne yakan bi shi har ofisoshin da ake tsara wa mata shirye-shirye.

2.0 Inda Ra'ayin Ya Samo Asali

A birnin Faris, zamanin juyin juya hali na Faransa, musamman a 1793, an san wasu mata da ke halartar zaman majalisa da dandalin kisa suna saƙa a bainar jama'a. A 2003 wata Ba'amurkiya, Betsy Greer, ta yayata wata kalmar Ingilishi da aka harhaɗa daga "sana'ar hannu" da "gwagwarmaya". Ranar 21 ga Janairu, 2017 kuwa, dubban mata suka yi zanga-zanga a Washintan sanye da huluna ruwan hoda waɗanda aka saƙa da hannu. A duk waɗannan misalai, abin da ya mayar da saƙa fafutuka shi ne fitar da ita daga ɗaki zuwa titi, inda hukuma za ta gani.

3.0 Kalmar "Saƙa" a Hausa

Hausa ba ta rarrabe abin da Ingilishi ya rarrabe da kalmomi uku ko huɗu ba. Aikin masaƙi da ƙoshiyarsa saƙa ne, na mai tabarmar kaba saƙa ne, haka na mai faifai da na mai kwarashi. Har zuciya ma takan yi saƙa da warwara, mugun mutum kuma ya yi wa ɗan'uwansa saƙa da mugun zare. A tsarin gargajiya, maza ne ke saƙar tsiri a siririyar masaƙa, mata su yi gurza da shiɓa da kaɗi da mazari, wasunsu kuma su saƙa zane mai faɗi a masaƙar tsaye. Da zaren masana'anta ya durƙusar da kaɗi, sai sabuwar sana'a ta shigo ta makarantu da cibiyoyin koyar da mata, ta zo da kalmomin aro irin su ulu da kwarashi da suwaita, amma ta zauna a ƙarƙashin tsohuwar kalma. Wannan faɗin ma'ana yana iya ruɗa mai fassara, ya zaci tarihin saƙar Turawa da na Hausawa guda ne.

4.0 Yanayin Jakusko da Maƙwabtanta

Jakusko da Gashuwa ƙasar Bade ce, Nguru kuwa gari ne da ya tara ƙabilu tun da layin dogo daga Kano ya isa can a 1930, kuma Hausa ce harshen kasuwa a duk garuruwan uku. Yankin yana da yalwar goruba, saboda haka saƙar kaba ta daɗe a hannun jama'a. Sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu shi ke buɗe kasuwar ulu: hular jariri da safa da suwaita da shawul, waɗanda ake kai wa maijego ranar suna.

Babu mai saƙa a nan da ke ɗaga kwarashinta don gwamnati ta gani. Ƙarfin sana'ar yana wani wuri dabam, wato a mallaka. A shari'ar Musulunci da al'adar yankin, ci da sha da sutura nauyin miji ne, abin da mace ta samu da hannunta kuwa nata ne, miji ba shi da iko a kansa sai da yardarta. Da kuɗin saƙa take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki ga ƙawayenta. Idan aure ya mutu, da wannan jarin take fita. Polly Hill (1969) ta bayyana irin wannan ɓoyayyen ciniki na matan kulle a Batagarawa kusa da Katsina, inda gidaje suka zama kasuwa ba tare da matan sun taka ƙofar gida ba. Macen da ba ta jiran cefane kafin ta kai ɗanta asibiti tana da baki a gidanta, ko da ba ta taɓa jin sunan wata ƙungiya ba.

Hukuma ma ta shiga harkar. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987 ya buɗe cibiyoyin koyar da saƙa da ɗinki a sassan ƙasar nan. Amina Mama (1995) ta soki irin wannan tsari da cewa ya fi ɗaukaka matan masu mulki fiye da sauya matsayin talakawan mata, kuma sukar tana da tushe, domin koya wa mace kwarashi bai taɓa batun gona ko ilimi ko wakilci ba.

5.0 Zaɓin Kalma

"Fafutuka" da "gwagwarmaya" duka suna nuna abokin karawa da kuma niyya bayyananniya. Kalmomin da aka saba ji a bakin mata masu sana'a su ne "neman na kai" da "rufin asiri". Waɗannan sun fi kusa da gaskiyar lamarin, kuma cusa wa mata niyyar da ba su furta ba wani nau'in ƙwace musu baki ne, ko da an yi shi da kyakkyawar manufa. Ya fi dacewa a keɓe "fafutuka" ga lokacin da masu saƙa suka haɗu don su tsayar da farashi a gaban dillalai, ko su nemi rance, ko su tunkari suwaitar gwanjo da kayan Sin masu araha da ke cinye musu kasuwa.

Akwai kuma wadda duk waɗannan kalmomi suka tsallake. Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta na Kano a shekarun 1970 cewa sana'ar matan kulle ta dogara ne ga tallar yara, abin da ya yi karo da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Hular da uwa ta saƙa a tsakar gida, sau da yawa 'yarta ce ke yawo da ita gida-gida ko ta kai kasuwa, wani lokaci a daidai sa'ar da 'yan ajinta ke ɗaukar darasi.