Hoton da ba na mawaƙi ba

A wata rumfar cajin salula da ke bakin kwaltar da ta ratsa Ɗan Kassari, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ina zaune ina jiran a zuba mini waƙoƙi a memori. Yaron mai turi ya kunna wa wani dattijo karatun Alƙur'ani don ya ji ko shi yake nema, sai ga hoton wata 'yar fim ta ci kwalliya ya cika fuskar kwamfuta. "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba ni na sa ba," in ji yaron, ya yi maza ya rufe gurbin hoton. Yanzu haka masu turi da dama suke yi, a bar sunan waƙa kawai a baƙin allo. Ban ga laifinsu ba.

Gaskiya yaron ya faɗa. Windows Media Player kan ajiye wani ɓoyayyen hoto a jakar waƙoƙi, wasu manhajojin kuma su ɗauke shi su liƙa wa duk abin da ke cikin jakar. To mai turin da ya zuba wa'azi, waƙar siyasa da ta soyayya wuri ɗaya, ai ya haɗa malam da mai rawa a bargo guda.

Amma babban ciwon ba nan yake ba. Tun 1998 aka samu damar cusa hoto a cikin MP3 ɗin kanta, kuma niyyar ita ce bangon faifai ya riƙa bin waƙarsa duk inda ta je. A wajenmu gurbin ya koma allon talla. Waƙar Nura M. Inuwa ko ta Hamisu Breaker, kafin ta taso daga Kano ta iso nan, ta bi hannu nawa? Mai shafin intanet ya cire hoton asali ya sa tambarinsa, mai turi na birni ya ɗora nasa har da lambar waya, wani ma ya goge sunan mawaƙin ya rubuta na shagonsa. In ta biyo ta WhatsApp, sunanta ya zama AUD da jerin lambobi. Abin da mutane ke rufewa ke nan, tallan wanda bai rera ko baiti ɗaya ba.

Wasu na cewa addini ne, mutane ba sa son hoto. Akwai masu wannan ra'ayi, ban musa ba. Sai dai a garuruwan nan aka yi ta sayen kaset ɗin Mamman Shata da hotonsa a bango, ban ga ana yagewa ba.

Asarar tana kan ƙananan mawaƙa. Rarara ba ya buƙatar hoto, muryarsa ta isa. Amma saurayin da ya tara kuɗi ya je Yamai ko Maraɗi ya yi waƙa ɗaya a situdiyo, waƙarsa za ta zaga bukukuwa ba wanda ya san fuskarsa, balle a gayyace shi wasa. Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, sai da ya bi sawun mawaƙan kafin ya iya biyansu, cikinsu har da Mdou Moctar na nan Nijar.

Kuma rufewar a kwamfutar yaron kaɗai ta tsaya, bai goge komai ba. Dattijon ya biya, ya ƙulle memorinsa a leda ya jefa aljihun gaba, jakar da duk abin da ke cikinta.