Broadchurch: Wasan Kwaikwayon Binciken Kisan Yaro a Ƙaramin Gari

Broadchurch shiri ne mai dogon zango da tashar ITV ta Birtaniya ta fara haskawa ranar 4 ga Maris, 2013. Chris Chibnall ne ya rubuta shi, kuma an yi shi zango uku, a 2013 da 2015 da 2017, kowane zango kashi takwas. Garin da shirin ya ɗauki sunansa ƙirƙirarre ne. An ɗauki wuraren bakin teku a West Bay da ke yankin Dorset a kudancin Ingila, inda wasu dogayen duwatsu masu launin ƙasa suka tsaya a kan ruwa.

A gindin waɗannan duwatsu aka tsinci gawar Danny Latimer, yaro ɗan shekara 11, da sassafe. Jami'an 'yan sanda biyu aka ɗora wa binciken. Alec Hardy, wanda David Tennant ya fito a matsayinsa, baƙo ne a garin, mai murtuke fuska, yana ɓoye ciwon zuciya, kuma yana ɗauke da tabon wani binciken kisa da ya lalace a hannunsa a Sandbrook. Ellie Miller, wato Olivia Colman, 'yar gari ce. Ta dawo daga hutu tana sa ran ƙarin girma, sai ta tarar an ba Hardy kujerar. Ɗanta Tom abokin Danny ne na ƙut da ƙut, ita kuma tana shiga gidan iyayen mamacin ba tare da sallama mai tsawo ba.

Ƙarfin shirin yana cikin yadda ya nuna abin da zato ke yi wa mutanen da suka san juna. Da 'yan sanda suka fara tambayoyi, sai asirai suka riƙa tonuwa waɗanda ba su da alaƙa da kisan. Mahaifin yaron, Mark, mai gyaran famfo, ya ƙi faɗin inda ya kwana a daren, domin yana tare da wata mata. An zargi limamin cocin garin. Wani matashin ɗan jarida ya saki sunan yaron a Twitter tun kafin hukuma ta sanar. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Jack Marshall, dattijo mai shagon sayar da jaridu, wanda Danny ke taya rabon jarida. Jaridu suka tono wani tsohon hukuncin ɗauri da aka taɓa yi masa, mutanen gari suka yi masa caa, har ya kashe kansa, alhali ba shi da hannu a kisan. David Bradley ne ya taka wannan rawa, kuma wannan sashen ya fi kowanne nauyi a zuciyar mai kallo.

Mazaunin gari irin Garu a ƙasar Illela, kusa da iyakar Ƙonni, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda kowa ya san kowa, magana ɗaya a majalisa ko a bakin kasuwa kan iya ɓata sunan mutum kafin la'asar, kuma idan abu ya faru, baƙo ake fara kallo. Broadchurch ya juya wannan tunani. A kashi na ƙarshe, wanda aka haska ranar 22 ga Afrilu, 2013, aka gano cewa wanda ya shaƙe yaron shi ne Joe Miller, wato mijin Ellie, wanda take kwana ɗaki ɗaya da shi duk tsawon binciken. Ya riƙa ganawa da Danny a ɓoye, da yaron ya ce zai tona, sai ya kashe shi. Masu shirin sun ɓoye wannan ƙarshe har ga yawancin 'yan wasan yayin ɗauka.

Irin wannan cin amana ya faru da gaske a Kano. A watan Disamban 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar, daga baya aka gano cewa mai makarantar da take karatu ne ya sace ta ya kuma kashe ta. Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ranar 28 ga Yuli, 2022.

A Broadchurch shari'ar ba ta tafi haka ba. Zango na biyu ya koma kotu, inda Joe ya musanta laifin da ya riga ya amsa. Alƙaliya ta yi watsi da amsa laifin nasa saboda Ellie ta lakaɗa masa duka yana tsare, lauyarsa kuma ta yi amfani da kowane sirrin da bincike ya tono wajen jefa shakku a kan shaidu. Aka wanke shi, mutanen gari suka kore shi. Wannan zango yana koya wa mai kallo yadda kuskure ɗaya na jami'i ke rusa shari'ar da aka yi watanni ana ginawa.

Zango na uku ya bi binciken fyaɗe da aka yi wa wata mata mai suna Trish Winterman, yayin da iyayen Danny ke ci gaba da fama da rashinsa. Shirin ya ci kyautar BAFTA a 2014, Colman da Bradley ma kowanne ya samu tasa. An sake yin labarin a Amurka da sunan Gracepoint a 2014, sannan a Faransa da sunan Malaterra a 2015.