Fushin Magoya Baya da Makomar Matasan 'Yan Ƙwallo: Daga Ƙofar Mata zuwa Filayen Kura da Bunkure

A garuruwan da ke shan ruwan madatsar Tiga, wato Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙauyukan da ke kewaye da Kadawa, ƙwallon ƙafa na cikin 'yan abubuwan da ke iya fitar da matashi daga gona kafin rana ta faɗi, kuma ko da yake gidajen kallo cike suke da masu goyon bayan ƙungiyoyin Ingila da na Sifaniya, ƙungiyar da ake ɗauka ta gida, wadda nasararta da faɗuwarta ke taɓa zuciya kai tsaye, ita ce Kano Pillars da ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. An kafa ta a shekarar 1990 bayan haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, ta kuma ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne alaƙar da ke tsakanin yadda magoya baya ke karɓar rashin nasara a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da kuma damar da yaron da ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare a Bunkure yake da ita ta sanya rigar ƙungiyar wata rana, alhali alaƙa ce mai ƙarfi wadda ta cancanci a dube ta da idon basira.

Fahimtar zafin ran 'yan kallon Kano na buƙatar komawa ga wani tarihi da ƙungiyar ta kafa, domin daga shekarar 2003 har zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta yi galaba a kanta da ci 2 da 1, Pillars ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a wasan gasa a gidanta ba. A cikin wannan zamani ne ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka ta 2009, bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, kafin Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. Duk wanda ya buɗe ido a wannan lokaci, ko a birni yake ko yana hawa mota daga Kura ya shigo kallo, ya tashi da tunanin cewa nasara a gida haƙƙi ce da ba a jayayya a kanta, saboda haka ko kunnen doki, wato tashi wasa ba wanda ya ci wani, sai a lissafa shi a matsayin faɗuwa, a kuma shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, wanda galibi alƙalin wasa ne, sannan mai horarwa, sannan ɗan wasan da ya fi kowa ƙarancin shekaru da ƙarancin masu kare shi.

Hujjar wannan magana tana cikin manyan rigingimun da suka jawo wa ƙungiyar hukunci. A watan Yunin 2019, a wasannin cike gurbi na ƙungiyoyi shida da aka yi a Agege ta jihar Legas, an tashi 1 da 1 da Enugu Rangers, 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka ci ƙungiyar tara, aka kuma dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali daga wasanni 12. A watan Afrilun 2022, bayan hargitsin da ya ɓarke a wasanta da Katsina United har aka lalata motar baƙin, an zabtare mata maki 3, aka hana ta wasa a Kano, kuma a ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na biyu, inda sai a 2023 ta samu dawowa. A watan Oktoban 2025 ma haka ta sake faruwa, sa'ad da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe aka tashi 1 da 1, aka far wa alƙalan wasa, hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9 da rabi, ta rage mata maki 3 da ƙwallo 3, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Masu aikata wannan ɓarna 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta da dubban da ke zuwa kallo cikin mutunci, amma hukuncin kan kowa yake sauka, kuma makin da fushi ya zubar ya fi wanda abokan karawar suka ƙwace a fili yawa.

Hanyar da wannan hali ke bi ya cutar da rainon 'yan wasa ba ta fito fili kamar jifa da tara ba. Rainon ɗan wasa na nufin ɗaukar yaro tun yana ɗan shekara 12 ko ƙasa da haka, a koya masa sarrafa ƙwallo da tsayuwa a gurbinsa da karanta wasa, a kula da cinsa da lafiyarsa da karatunsa, sannan, wanda shi ne matakin da ya fi wuya, a riƙa sa shi a wasan gaske inda kuskurensa zai iya jawo a zura wa ƙungiya ƙwallo. Atisaye kaɗai ba ya gama gina ɗan wasa, domin mai tsaron baya ba ya sanin lokacin da ya kamata ya kai hannu ga abokin karawa ko ya ja da baya sai ya yi kuskuren hakan a gaban jama'a sau da dama. To, mai horarwar da ya san cewa rashin nasara biyu a jere na iya raba shi da aikinsa, kuma kunnen doki ɗaya a gida na iya sa a fitar da shi daga fili da rakiyar 'yan sanda, ba zai yi kasadar sa ɗan shekara 18 ba, sai ya gwammace ya ɗauko gogaggen da ya zaga ƙungiyoyi biyar, ya bar matashin a benci har ƙarfin gwiwarsa ya karye. Shugabannin ƙungiya kuwa, musamman da yake gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, kunnensu na kan abin da ake faɗa a rediyo da Facebook washegarin wasa, don haka kuɗin da ya kamata ya tafi ga ƙananan 'yan wasa sai ya tafi ga sayen sababbi a tsakiyar kaka domin a kwantar da ƙura.

Manoman yankin Kura da Bunkure sun fi kowa sanin illar irin wannan gaggawa, domin mai noman shinkafa yakan fara yafa iri a ɗan wuri guda, ya yi ta ba shi ruwa na makonni kafin ya cire ya dasa, kuma bai taɓa tuge dashe ba don ya gan shi ya yi laushi a kwanakin farko, tunda ya san laushin na cikin hanyar kama ƙasa.

Tarihin 'yan wasan da Pillars ta fitar na nuna ribar ba matashi dama da kuma tsadar yanke masa hukunci kan kuskure guda. Ahmed Musa, haifaffen Jos a 1992, bai kai shekara 18 ba lokacin da ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ya kafa tarihi a gasar a wancan lokaci, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester City, ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014 da wasu biyu a ragar Iceland a ta 2018, kuma a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar da ta fara fito da shi. Da mai horarwar wancan lokaci ya ji tsoron ƙuruciyarsa, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sani Kaita kuwa, ɗan Kano wanda shi ma ya bi ta Pillars, yana cikin tawagar da ta samo wa Najeriya lambar azurfa a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005 da kuma wasannin Olamfik na 2008 a Beijing, amma jan katin da aka ba shi a wasa da Girka a gasar duniya ta 2010, wanda Najeriya ta sha kashi da ci 2 da 1 bayan tana kan gaba, ya jawo masa barazanar kisa daga mutanen da suka manta da duk abin da ya yi a baya saboda ɓacin ran minti ɗaya.

Akwai kuma darasi daga ɓangaren haƙuri a tarihin ƙungiyar kanta. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars ta kai ga ci 3 da nema, Enugu Rangers ta farke duka ukun a ƙarshen wasa, ta kuma lashe kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ke cikin rashin nasara mafi ciwo da magoya bayanta suka taɓa gani. Duk da haka ba a watse ba, mai horarwa Ibrahim Musa ya ci gaba da aikinsa, kuma a shekara mai biye, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ƙungiyar ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti ta ɗauki wannan kofi karon farko a tarihinta.

A wasu ƙasashe an gina haƙurin cikin dokar wasa. A Ostareliya, inda suke da nasu salon ƙwallo da ake bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai, babbar gasarsu ta AFL ba ta da tsarin faɗawa rukuni na ƙasa, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ake ba damar fara zaɓen matashin da ya fi fice a shekarar, saboda haka magoya bayan ƙungiyar da ke shan kashi, ko da ransu ya ɓaci, sukan auna kakar da yawan wasannin da matasansu suka buga da irin ci gaban da suka nuna. Gasar Najeriya ba ta da wannan sassauci, wanda ya faɗi ya faɗi, don haka haƙurin da doka ba ta tanadar ba dole ya fito daga shugabanni da 'yan kallo.

Yankin Kura da Bunkure na da abin da rainon 'yan wasa ke buƙata fiye da yadda ake zato. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma shimfiɗa magudanan ruwa na shirin noman rani na kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya ratsa kimanin hekta 22,000 kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, matasan yankin sun samu sana'ar da ke riƙe su a gida rani da damina, daga noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa zuwa aikin injinan casa da dako a kasuwa, a lokacin da takwarorinsu na wasu wurare ke tafiya cirani. Wannan na nufin ƙungiyar unguwa za ta iya riƙe 'yan wasanta duk shekara, akwai kuma 'yan kasuwar shinkafa masu halin sayen riguna da takalma da ɗaukar nauyin mota, ga shi kuma birnin Kano, inda ake gudanar da gasar matasa ta Kofin Ramat domin tunawa da Janar Murtala Muhammad, bai da nisa. Sai dai irin wannan albarka na da nata ƙalubale, domin yaron da zai iya samun kuɗin hannu daga yinin dashe ko tsinkar tumatir ba zai daɗe yana atisayen da ba ya ganin inda zai kai shi ba, kuma uban da ya ji an yi jifa a filin wasa yana da cikakkiyar hujjar hana ɗansa zuwa. Abin takaici, ɗabi'ar da ake gani a Ƙofar Mata takan gangaro har gasannin ƙauye, inda wasan ƙarshe tsakanin unguwanni biyu kan iya tashi ba a kammala ba, masu shirya gasa su janye, ƙungiyoyi kuma su koma hayar manyan 'yan wasa daga birni domin cin kofin rana ɗaya, yaran garin suna tsaye a bakin layi.

Ko ta fuskar kuɗi, rainon ya fi haya riba, sai dai mafi yawan masu ƙananan ƙungiyoyi ba su san haƙƙinsu ba. Dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, sun tanadi kuɗin horarwa, wato diyyar da ake biyan ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa tsakanin shekara 12 zuwa 21 idan ya zama ƙwararre, sun kuma tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin kwantiraginsa ya ƙare, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya yi wa wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin cin wannan moriya shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista, ɗan wasan ma an yi masa rajista da sunansa da ainihin shekarunsa, domin abin da ba a rubuta ba babu mai biya a kansa, kuma rage shekaru, wanda wasu ke ɗauka wayo ne, yana ɓata wannan lissafi ya kuma zubar da mutuncin yaron idan asiri ya tonu.

Saboda haka akwai aiki a wuyan kowane ɓangare. Ya kamata ƙungiyoyin magoya baya su riƙa fito da masu kutse da jifa daga cikinsu da kansu tun kafin hukumar gasa ta yanke hukunci, su kuma koyi tambayar shugabannin Pillars yawan matasan jihar da suka buga wasa a kaka kamar yadda suke tambayar yawan maki, mahukuntan ƙungiyar kuma su bai wa mai horarwa wa'adin da zai iya gina tawaga a cikinsa ba tare da fargabar sallama kowane mako ba. Masu riƙe da ƙungiyoyin Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, matakin da ke hannunsu tun yanzu shi ne su je hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano su yi wa ƙungiyoyinsu da yaransu rajista da shekarunsu na gaskiya, su kuma bar yaran garin su buga wasan ƙarshe ko da hakan zai sa kofin bana ya kuɓuce musu.