Abin da ke cikin zuciyar dabba

Motsin rai shi ne sunan da masana halayya suke bai wa yanayin da ke taso wa mai rai a cikinsa idan wani abu ya same shi, kuma sukan kasa shi gida biyu. Akwai na asali, kamar tsoro da fushi da murna, wanda yake zuwa nan take ba tare da dogon tunani ba. Akwai kuma mai sarƙaƙiya, irin su kunya da nadama da kishi da alhinin rashi, waɗanda suke buƙatar mai jin su ya san kansa, ya tuna abin da ya wuce, ya kuma auna yadda wasu suke kallonsa. Game da kashin farko gardama ta kusa ƙarewa tsakanin masu binciken dabbobi, amma a kan na biyun ne har yanzu ake kai ruwa rana.

A ƙarni na 17 masanin falsafar nan na Faransa, René Descartes, ya ɗauki dabba tamkar na'ura mai motsi wadda ba ta da tunani, ra'ayin da ya daɗe yana tasiri a Turai, har Charles Darwin ya fito da littafinsa kan yadda mutum da dabba suke bayyana motsin rai a shekarar 1872, inda ya nuna cewa tashin gashin jiki saboda firgita da yage baki saboda fushi gado ne guda da mutum ya yi tarayya da sauran halittu a cikinsa. Duk da haka, masana da yawa a ƙarni na 20 sun ƙaurace wa batun, suna ganin abin da ba a iya aunawa ba ya cikin ilimi.

Wanda ya fi kowa dawo da maganar cikin ɗakin bincike shi ne Jaak Panksepp, haifaffen Estoniya da ya yi aikinsa a Amurka, wanda ya gano cewa a can ƙasan ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, a sassan da suka girmi tunani da harshe, akwai tsare-tsare bakwai da ke haifar da nema da fushi da tsoro da sha'awa da kulawar uwa da firgicin rabuwa da kuma wasa. Idan aka taɓa waɗannan sassa da ɗan ƙaramin lantarki, dabbar takan yi ƙoƙarin kashe abin ko ta ƙara kunna shi, alamar cewa wani yana yi mata daɗi wani kuma yana damunta. Shi ne kuma ya nuna cewa ɓeraye, idan ana yi musu cakulkuli, suna fitar da wata siririyar murya da kunnen mutum ba ya ji, sannan su riƙa bin hannun da ya yi musu suna neman ƙari.

Makiyayi a ruga bai taɓa buƙatar na'ura kafin ya san wani ɓangare na wannan ba. Saniya mai tozo irin tamu ba ta cika sakin nono ba sai an sako maraƙinta ya fara kama hantsa, daga nan a janye shi a ɗaure kusa da ita, tana lasar sa ana tatsa. Idan kuwa maraƙin ya mutu, takan yi kwanaki tana kuka tana waiwayen inda ta saba ganinsa, nonon ma ya ja baya. Sinadarin jiki da ke sakin nonon, wanda ake kira oksitosin, shi ne dai yake aiki a jikin mace mai shayarwa, kuma yana da hannu a shaƙuwar uwa da ɗa a wurin duka biyun.

Alhinin mutuwa ne ya fi ɗaukar hankali, kuma a nan giwa ce aka fi nazarta. A gandun dajin Amboseli na ƙasar Kenya, inda Cynthia Moss ta fara bibiyar iyalan giwaye tun 1972, an sha ganin garke ya tsaya cik a kan ƙasusuwan giwa, suna shafa ƙoƙon kai da haure da hancinsu, suna juya su a hankali da ƙafa. Karen McComb da abokan aikinta sun gwada abin a binciken da ya fito a 2006, suka ajiye ƙoƙon kan giwa da na ɓauna da na karkanda, sai giwayen suka fi daɗewa a kan na jinsinsu. Sai dai da aka ajiye wa wasu iyalai ƙoƙon kan uwar garkensu da ta mutu tare da na wasu giwaye, ba su fifita nata ba, kuma wannan sakamako na biyu yana da muhimmanci kamar na farkon, domin ya nuna inda hujjar ta tsaya. A Gombe ta ƙasar Tanzaniya kuma, Jane Goodall ta rubuta yadda wani matashin biri cimfanzi mai suna Flint ya daina cin abinci bayan mutuwar uwarsa Flo a 1972, ya rame, ya mutu cikin kusan wata guda. Da wuya a sami wani suna da ya dace da wannan hali in ba baƙin ciki ba, ko da ba a tabbatar da cewa birin ya fahimci mutuwa yadda mutum yake fahimtarta ba.

Nadama kuwa ba ta samu irin wannan goyon baya ba. Masu karnuka sun yi imani cewa kare ya san ya yi laifi idan ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunne, ya matse wutsiya, amma a gwajin da Alexandra Horowitz ta yi a New York a 2009, an hana karnuka cin wani abinci, masu su suka fita, sannan aka gaya wa wasunsu akasin abin da ya faru. Karnukan sun nuna wannan fuska ne a lokacin da aka yi musu faɗa, ko sun ci ko ba su ci ba, kuma waɗanda ba su ci ba ma sun fi nuna ta. Abin da ake gani lallashi ne na mai gudun fushin ubangidansa, wanda shi ma motsin rai ne na gaske, amma ba shi ne nadama ba. Haka nan gwajin Sarah Brosnan da Frans de Waal na 2003, inda birai suka ƙi karɓar kokwamba da suka ga an ba ɗan'uwansu inabi a kan aiki iri ɗaya, wasu sun karanta shi a matsayin ƙin rashin adalci, wasu kuma suka ce takaicin ganin abin da ya fi daɗi ne kawai.

Joseph LeDoux na Jami'ar New York yana gargaɗi cewa zaburar jiki don kare kai daban take da jin tsoro a zuci, kuma dabba ba ta da bakin da za ta faɗi wanne ne ya same ta. Gargaɗin yana da tushe, domin mutum yana ɗinka motsin ransa da harshe da al'ada, har Bahaushe ya bambanta kunya da kara da kawaici, abin da babu hujjar cewa wata dabba tana yi. Amma shakka kan nadamar kare ba ta shafi tsoron sa ko ƙishirwar jaki ba, kuma kuskure ne babba a bari wahalar tambaya kan motsin rai mai sarƙaƙiya ta rufe amsar da aka samu kan na asali. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa sun sa hannu a wata sanarwa a Cambridge cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan jikin da ke haifar da sanin abin da ake ji, a 2022 kuma Birtaniya ta sa wannan cikin doka, har da ƙaguwa. Musulmi sun riga sun san ruwayar Abu Dawud game da raƙumin da ya zubar da hawaye gaban Annabi (SAW) saboda mai shi yana barinsa da yunwa yana jibga masa aiki, aka kuma tsawata wa mai shi. Shanun da ake lodawa a kasuwannin Potiskum da Maigatari zuwa Legas sukan yi kwanaki a cikin tirela a cunkushe, ƙaho na gugar haƙarƙari, sau da yawa ba ruwa ba inuwa, kuma tsarin tsoro da Panksepp ya bayyana yana nan a ƙwaƙwalwar kowane ɗaya daga cikinsu tun daga kara har mayanka.