Wasan kurket: Yadda ake buga shi da dokokinsa masu ban mamaki

A watan Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu kacal a gasar cin kofin duniya ta kurket da aka yi a Malesiya. Sai dai mutane da yawa a arewacin ƙasar ba su gane girman nasarar ba, saboda ba su san yadda ake wasan ba.

Alhali kuwa kurket ba baƙo ba ne a Arewa. Marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ƙaramar hukumar da garin Gandi yake a cikinta, ya buga wasan a Kwalejin Katsina, inda ya kammala karatu a 1931.

Yadda ake wasan

Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da 'yan wasa 11. Ɗaya tana bugu don tara maki, ɗaya tana jifa da tsaron fili, daga baya su yi musaya.

A tsakiyar filin akwai wani zirin wuri mai tsawon yadi 22. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, an ɗora 'yan guntayen itace biyu a kansu. Mai jifa yana neman ya zubar da su, mai bugu kuma yana kāre su da sandarsa mai faɗi.

Masu bugu biyu ne suke shiga fili a lokaci guda, kowa a ƙarshensa. Idan an doki ƙwallo suka yi gudu suka musanya wuri, an samu maki ɗaya. Idan ƙwallon ya gangara har iyakar fili, maki huɗu ke nan. Idan ya tsallake iyakar ba tare da ya taɓa ƙasa ba, maki shida.

Mai bugu yana fita idan jifa ya zubar da itacen turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya doka kafin ya faɗi ƙasa, ko aka zubar da itacen yana tsakiyar gudu. Haka kuma alƙali zai iya fitar da shi idan ya tare ƙwallon da ya nufi turaku da ƙafarsa. Da zarar mutum goma sun fita, bugun ƙungiyar ya ƙare, domin na ƙarshen ba shi da abokin gudu.

Jifa shida a jere shi ake kira oba. A wasan T20 kowace ƙungiya tana da oba 20, a wasan yini ɗaya oba 50, yayin da wasan Tes yakan kai kwana biyar, kuma ana iya tashi ba wanda ya yi nasara idan lokaci ya ƙare.

Dokokin da ba a cika sani ba

Kulob ɗin Marylebone da ke Landan ne yake kula da dokokin wasan guda 42, kuma wasu daga cikinsu sukan rikitar da ko ƙwararru.

Na farko, alƙali ba ya fitar da mai bugu sai abokan hamayya sun ɗaukaka ƙara gare shi. Idan suka yi shiru, ba zai yanke hukunci ba.

Na biyu, idan ƙwallo ya taɓa turaku amma itacen da ke kansu bai faɗo ba, kuma turke bai tumɓuke ba, mai bugu yana nan daram.

Na uku, idan mai tsaron fili ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa ƙwallo ya taɓa ta, ana bai wa masu bugu maki biyar kyauta.

Akwai kuma dokar jinkiri. A watan Nuwamban 2023, a gasar cin kofin duniya a birnin Delhi, an fitar da Angelo Mathews na Sri Lanka tun bai fuskanci jifa ko ɗaya ba, saboda bai shirya cikin minti biyun da gasar ta ƙayyade ba. Igiyar hularsa ce ta tsinke, Bangladesh ta kai ƙara, alƙalai suka amince. Shi ne na farko da hakan ta faru da shi a wasan ƙasa da ƙasa.

Haka nan mai jifa yana da ikon fitar da mai bugun da ke kusa da shi idan ya yi azarɓaɓin barin wurinsa kafin a saki ƙwallo. Tun da Vinoo Mankad na Indiya ya yi haka a Ostireliya a 1947 ake muhawara ko hakan ya dace da dattaku, amma doka ta halatta shi.

Abin da ke gaba

Irin waɗannan dokoki sukan yanke hukuncin kofi. A wasan ƙarshe na 2019, Ingila da New Zealand sun yi kunnen doki, aka ƙara oba ɗaya-ɗaya suka sake yin kunnen doki. Aka ba Ingila kofin saboda ta fi yawan bugun da ya kai iyakar fili, dokar da aka soke bayan ƙorafe-ƙorafe.

A 2028 kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, karon farko tun 1900. Matan Najeriya kuwa sun riga sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. Ko yaran Rabah da Wurno da Goronyo za su shiga wannan sahu, ya danganta da ko makarantunsu za su sake koyar da wasan da Sardauna ya buga.